Zinariya a kan fatar oksaid: ina ruwan kaurin shimfiɗa da aikin katalis?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗauki nake nema, domin jiya na sha kunya a gaban allo, har yanzu abin yana cina.

Digiri na biyu nake yi a kemistiri. An ba ni semina a kan ƙananan curin ƙarfe, irin waɗanda ana iya ƙirga atom ɗinsu, da ake ɗorawa a kan siririyar fatar oksaid (ƙarfen da ya haɗu da oksijin, kamar tsatsa) don a gane yadda katalis yake aiki, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Sati uku na yi ina shiri. Na fara da Masatake Haruta na Japan, wanda a 1987 ya fitar da sakamakon da ya ba masana mamaki: zinariya, wadda kowa ya san ba ta tsatsa kuma ba ta shiga sabgar kowa, idan aka mayar da ita ƙwayoyi 'yan nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) aka zuba a kan oksaid, sai ta riƙa haɗa kabon monoksaid da oksijin suna zama kabon dayoksaid, ko da sanyi ya kai digiri 70 ƙasa da sifili. Daga nan na kawo aikin Goodman da abokansa na jami'ar Texas A&M a Amurka, na 1998, inda suka ga zinariya a kan titaniyam oksaid ta fi kuzari idan faɗinta ya kai wajen nanomita 3, kaurinta kuma layi biyu na atom. Har nan komai lafiya, ina ta jin kaina.

Sai wani farfesa da ke zaune a baya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ka ce mana oksaid ɗin nan shimfiɗa ce kawai da ake shanya zinariya a kai. To me ya sa mutanen nan suke ta ƙirga kaurinsa, layi uku, layi takwas? In za ka shanya barkono, ina ruwanka da kaurin tabarma?"

Na ce ai don na'ura ta iya gani ne. Ya ce, "Shi ke nan?" Na tsaya ina kallon allo kamar amsar za ta fito daga ciki. An ba ni sati biyu in dawo.

Tambayata kashi biyu ce. Kaurin fatar yana sauya halin ƙarfen da ke kanta da gaske? In kuwa yana sauyawa, ashe ke nan gwajin nan ƙarya yake gaya mana game da katalis na masana'anta, wanda ba shi da wata siririyar fata?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam. Ni ba ɗan boko ba ne irinku, yarona ne ya nuna min wannan a waya, amma abin da kake cewa katalis kullum yana hannuna. Mu a gareji indomi muke ce masa. Yana cikin tukunyar salansa, fari-fari, da ƙananan ramuka reras kamar saƙar zuma. Akwai masu yawo suna sayensa da kuɗi mai kauri, shi ya sa in ka bar mota a hannun wanda ba ya tsoron Allah, sai ka karɓo ta tana wari tana ƙara, an kwashe.

Ana cewa wai filatinam ne a ciki. Ni na fasa ba ɗaya ba ba biyu ba, na kai rana na duba, wallahi ban ga ko ƙyalli ba, sai gari kamar alli. To ina ƙarfen yake? Kuma me ya sa wani za ka ciro shi lafiya lau, bai fashe ba bai toshe ba, amma ya daina aiki? Tunda masana sun taru, a haɗa da tawa.

'Yar Tudun Wada:

Ƙanena, kwantar da hankalinka, gata farfesan nan ya yi maka. Wannan tambayar ita ta cinye min kusan wata guda a shekarata ta farko a nan Jamus, ni kuwa ba a gaban allo na koye ta ba, a gaban inji na koya, ido jajur.

Amsar da ka bayar ba ƙarya ba ce, rabi ce. Katalis na gaske gari ne: ƙwayoyin ƙarfe a warwatse cikin hodar oksaid mai ramuka, ba ka san girman kowace ba, ba ka san inda ta zauna ba. Mai son ya ga abin da atom ɗaya yake yi dole ya nemi shimfiɗaɗɗen wuri mai tsabta. Matsalar ita ce magnesiyam oksaid (MgO a taƙaice) da alumina (oksaid ɗin alminiyam) lantarki ba ya bi ta cikinsu. Na'urar STM kuwa, wadda Binnig da Rohrer suka ƙirƙiro a 1981, allura ce da ke shawagi dab da saman abu tana auna 'yar wutar da ke tsallakawa tsakaninsu. Ka ajiye mata dunƙulen MgO, ta zama makauniya. Sai aka yi dabara: a ɗauko ƙarfe mai sumul, azurfa ko molibdinam, a tsirar da oksaid a kansa layi-layi, siriri yadda wuta za ta iya ratsawa. Rukunin Hans-Joachim Freund a Cibiyar Fritz Haber ta Berlin sun yi shekaru suna aiki da fatar alumina da ke tsirowa a kan haɗin nikel da alminiyam, kaurinta wajen rabin nanomita. A nan amsarka ta tsaya.

Ga inda farfesa yake so ka ƙarasa. Idan wuta tana iya ratsa fatar don allura ta gani, me zai hana ta ratsa ta shiga zinariyar? Ka tuna sabon tulu. Ruwa yana ciki, amma ka taɓa bayansa ka ji danshi, yana tsattsafowa. Katangar siminti ba ta haka. A 2005 Gianfranco Pacchioni da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka yi lissafi a kwamfuta, suka ce atom ɗin zinariya da ke zaune a kan 'yan layukan MgO, da molibdinam a ƙasa, zai zuƙo elektron ɗaya, wato ƙwayar wutar lantarki, daga ƙarfen ƙasan ya ɗauki cajin negatif. Abu biyu ne suka haɗu. Rufe ƙarfen da MgO yana rage ƙarfin da ake bukata kafin a ciro elektron daga jikinsa. Ita kuma zinariya a duk cikin ƙarafa ba wadda ta kai ta kwaɗayin elektron. Ga mai sakin hannu a ƙasa, ga makwaɗaiciya a sama, tsakaninsu labule mai kaurin atom biyu ko uku. Kowane layin MgO kusan nanomita 0.2 ne, ka ga layi uku bai wuce 0.6 ba.

Shekara ɗaya bayan haka, su Pacchioni tare da Uzi Landman na Georgia Tech suka ƙara da cewa ba caji kaɗai zai sauya ba, har siffa. Curin zinariya mai atom 20 a kan MgO mai kauri tsayawa yake kamar dala, amma a kan siriri sai ya baje ya kwanta, domin kowane atom yana son ya taɓa ƙasa ya samu rabonsa. A 2007 Martin Sterrer da abokansa a Berlin suka gani da allura: a kan layi 3 na MgO bisa azurfa zinariya ta kwanta fal-fal kamar gurasa, a kan layi 8 ta dunƙule kamar curin fura. Sinadari ɗaya, zinariya ɗaya, kauri kawai aka sauya. Wani hoton da nake so ma ya fi wannan: atom ɗaiɗai na zinariya a kan layi 3, kowane ya ja gefe ya bar tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa kamar kishiyoyi a tsakar gida, saboda duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi. Da aka gwada da faladiyam, wanda ba shi da wannan kwaɗayin, sai ya zube barkatai ba ruwansa.

Ina wannan ya shafi aikin katalis? Iskar oksijin atom biyu ce a ɗaure tamau, kuma kafin ta haɗu da kabon monoksaid sai an sassauta ɗaurin. Abin da ke sassauta shi elektron ne da aka tura mata. Zinariyar sarƙa da 'yan kunne ba ta da wanda za ta bayar, shi ya sa take shekaru a wuya ba abin da ya same ta. Wadda ta sha caji tana da rara, kuma rarar a bakin gefe take taruwa, daidai inda zinariya da oksaid da iska suka haɗu. Har kabon dayoksaid, wanda ya yi suna wajen taurin kai, an gan shi yana karɓar elektron a gefen irin waɗannan tsibiran zinariya da suka baje.

Akwai kuma wata ƙofar da elektron yake shigowa, ya kamata ka sa a seminarka. A 1999 Ulrich Heiz da Landman da abokansu suka tace curin zinariya ta hanyar nauyi, suka riƙa sauke su a hankali a kan fatar MgO, mai atom 2, mai 3, har zuwa 20. Mafi ƙanƙantar da ya yi aiki a sanyi shi ne mai atom 8, kuma ko shi sai in fatar tana da giɓi, wato gurbin da oksijin ɗaya ya fita ya bar elektron a ciki. A kan fata mai sumul marar giɓi kusan ba ya komai. Ka lura, ba duka labarin kauri ba ne. Tambayar kullum ita ce daga ina elektron yake zuwa.

Tawa kunyar ga ta. An ce in tsirar da fata mai kauri sosai don zinariya ta yi halin da take yi a hodar katalis. Kafin ka fara sai ka rufe tukunyar ƙarfen da ake gwajin a ciki, ka naɗe ta da takardar alminiyam, ka gasa ta kwana biyu don danshi ya fita, sannan famfo ya zuƙe iska har abin da ya rage ya zama kamar kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na iskar da muke shaƙa. In ba haka ba, cikin daƙiƙa ɗaya datti ya rufe saman. Na yi duk wannan, na turara magnesiyam cikin 'yar oksijin, na zuba zinariya, na yi sati uku ina ɗaukar hoto. Kullum zinariyata a kwance. Har na fara raya wa kaina na gano sabon abu, na fara tsara yadda zan faɗa wa shugaban rukuni. Wani tsohon ma'aikacin ɗakin ya leƙo, ya kalli hoto ɗaya, ya tambaye ni yaushe rabon a daidaita ma'aunin kauri. Ashe ma'aunin ƙarya yake min. Fatar da nake ce wa layi goma ba ta wuce huɗu ba. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Baba na Ƙofar Ruwa, ban manta da ku ba. Ƙarfen yana nan, idonku ne ba zai kai ba. Farin abin nan yumɓu ne da aka gasa, aka shafe cikin ramukan da alumina da wani oksaid mai suna seriya, sannan aka warwatsa filatinam da faladiyam da rodiyam a kai, 'yan giram kaɗan a duk tukunyar. Ana niƙe shi haka ne don hayaƙi saman ƙarfe kawai yake taɓawa. Giram ɗaya na filatinam, in ƙwayoyinsa nanomita 3 ne, jimillar samansa ta kai murabba'in mita 90, kamar tsakar gida mai faɗi. In injin yana ƙona mai ba daidai ba, tukunyar ta yi zafi fiye da ƙima, sai ƙwayoyin su riƙa rarrafe suna haɗewa. Da zarar sun kai nanomita 30, kashi ɗaya cikin goma na filin ya rage, kuma ba su komawa ƙanana. Ga kuma guba: darma, da farar wuta da ke cikin fetur, da fosforas na bakin mai in inji yana shan mai, duk suna liƙewa a sama su rufe. Shi ya sa za ku ciro shi garau a ido alhali ya mutu.

Tsohon Malami:

'Yata, Allah ya ƙara basira, kin yi bayani. Amma kin amsa tambayar farko kin zagaye ta biyu, ita kuwa ce mai ƙaya.

Na koyar da wannan fanni shekaru kafin in ajiye alli, kuma ban taɓa sakin jiki da waɗannan hotuna ba. Ke da bakinki kin ce kashi ɗaya cikin tiriliyan goma. Salansar mota kuwa cike take da hayaƙi da tururi da ƙura, ga zafi na ɗaruruwan digiri. A masana'antar taki, inda ake haɗa amoniya, matsin iska yana kai ninki 150 zuwa 300 na wanda muke ciki, zafi digiri 400 zuwa 500. Abin da aka gani a tukunyar da ba kowa a ciki, a sanyin da atom ba ya motsi, wa ya ce haka zai yi a can? Zinariyar Haruta kanta an san ɗan danshi yana ƙara mata kuzari ƙwarai, ku kuwa kwana biyu kuke yi kuna korar danshi.

Sannan ɗana mai tambaya, kada ka koma ka ce wa farfesa cajin negatif ne sirrin zinariya, an gama. Ba a gama ba. Akwai masu ganin atom ɗin kusurwa da gefe, waɗanda ba su da maƙwabta da yawa, su ne ke aikin ko da caji ko babu. Akwai kuma aikin da zinariya mai cajin fozitif ce take yi: tun 1985 Graham Hutchings ya yi hasashen zinariya za ta dace da haɗa asitilin da haidrojin kulorayid don samar da sinadarin da ake yin robar PVC da shi, yau ga shi tana maye gurbin makuri, wato zaiba, a wannan aiki, kuma a kan gawayi take zaune, ba oksaid ba.

Ɗan Ƙofar Mata:

Na gode Yaya, na gode Malam. Tulun nan ya shige ni, da shi zan buɗe. Amma yanzu na shiga tsaka mai wuya. In na ce kauri yana sauya hali, farfesa zai ce to gwajin ba ya wakiltar komai. In na ce ba ya sauyawa, hoton layi 3 da layi 8 ya ƙaryata ni. Ta ina zan fita?

'Yar Tudun Wada:

Malam ya kama ni, kuma ban musa ba. Maganar danshi da ta caji duk haka suke. Ni kaina na bar cewa "zinariya tana yin kaza", sai in ce zinariya mai girman kaza, a kan fatar kaza, a wane aiki.

Ƙanena, mafitarka ita ce ka raba gwajin gida biyu, domin abu biyu ne daban aka ba su suna ɗaya. In manufarka ka kwaikwayi garin masana'anta, sai ka yi fatar da kauri har ƙarfen ƙasa ya daina magana. Ga MgO, wajen layi 8 zuwa sama zinariya ta koma halinta na kan dunƙule. In kuwa ka tsaya a layi 2 ko 3, ka daina cewa kwaikwayo kake, wani sabon abu ne a hannunka, kuma kaurin ya zama maɓallin da kake murɗawa ka ƙara caji ko ka rage, ka ga me ya biyo baya. Kuskuren da na yi shi ne ina cikin gida na biyu ina zaton ina na farko.

Kuma kada ka yarda a ce siririyar fata ba ta cikin katalis na gaske. A 1978 Tauster da abokansa suka lura filatinam da ke kan titaniyam oksaid, in aka gasa shi cikin haidrojin a digiri 500, sai ya daina kama haidrojin da kabon monoksaid. Daga baya aka gane oksaid ɗin ne yake hawa ya lulluɓe ƙwayar ƙarfen da fata mai kaurin atom ɗaya ko biyu. Wato shimfiɗar ce ta tashi ta rufe abin da aka shanya. Shekara da shekaru ana ɗaukar wannan a matsayin mutuwar katalis kawai. Sai a 2009 a Berlin aka tsirar da layi ɗaya tak na oksaid ɗin baƙin ƙarfe a kan filatinam. A tukunyar da aka zuƙe iska, fatar ba ta komai, kamar gawa. Da aka cika iskar kabon monoksaid da oksijin zuwa matsi mai ɗan dama, zafi bai kai digiri 200 ba, sai ta fi tsiraran filatinam aiki nesa ba kusa ba. Abin da ya faru, fatar ta sha ƙarin oksijin ta zama layi uku, oksijin a sama, ƙarfe a tsakiya, oksijin a ƙasa, na saman kuma sako-sako yake, kabon monoksaid yana zuwa ya fizge shi, iska ta mayar da wani. Malam, wannan misalin naku ne kuma nawa ne: ya nuna tukunyar da ba iska tana iya ɓoye gaskiya, ya kuma nuna ba don an san tsarin fatar atom-atom ba, da ba a gane me ya sauya ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2011. Aka ce, tunda elektron ake bukata, dole ne sai daga ƙarfen ƙasa? Aka yi fatar kalsiyam oksaid mai kauri, wadda ba abin da zai ratso ta, aka barbaɗa ɗan molibdinam a cikinta kamar gishiri a miya. Zinariya ta kwanta, tamkar a kan siririyar fata. Wannan kuwa dabara ce da za a iya gwadawa a hodar katalis, ba sai da azurfa a ƙasa ba. In farfesa ya sake cewa "shi ke nan?", wannan za ka miƙa masa.

Ka zana hoto biyu kawai a allo, gurasa da curin fura, ka rubuta 3 a ƙarƙashin ɗaya, 8 a ƙarƙashin ɗayan. Sauran ka yi da baki. Ni bari in sauka ƙasa, tun asuba famfon nan yake wata ƙara da ban yarda da ita ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Allah ya yi albarka 'yar nan. Ashe bakin mai ma yana kashe shi. Akwai wata Corolla a hannuna yanzu, shan mai take kamar me, mai ita ya dage sai na sa masa wani indomin. Gobe in ya zo zan ce mu fara da ringi tukuna.